Ranar da Libarbar Jabir Ta Cije

A gidan Abu Jabir da ke unguwar Ain Khaled a birnin Doha babu mai kiransa Ɗalhatu. Talha suke ce masa, shi kuma yana amsawa, tunda sunan ɗaya ne, bakin faɗarsa ne ya bambanta. Dogo ne, siriri, mai magana a hankali, ɗan wani ƙauye a bayan Tsafe. In kana yi masa zance sai ka ga ya karkato kai ya ba ka kunnen dama. Waɗanda ba su san shi ba suna ɗauka tsabar ladabi ne, alhali kunnen hagun ne ba ya ji sosai.

Kafin ya zo Doha motar haya yake ja tsakanin Gusau da Funtuwa. Wata ranar kasuwa da hantsi 'yan bindiga suka tare hanya, suka fito da kowa daga mota, suka kwantar da su rub-da-ciki a kan kwalta. Ɗaya daga cikinsu ya kara bindiga dab da kan Ɗalhatu ya harba ƙasa, ba don ya same shi ba, don kawai ya ga yadda zai zabura. Suka kora wasu daga cikin fasinjojin daji, shi suka bar shi kwance jini yana fita daga kunnensa. Bai ƙara bin hanyar nan ba. Ya sayar da motar, ya kai matarsa Na'ima da 'yarsu Mero gidan yayanta a Gusau, ya nemi aikin tuƙi a ƙasar Larabawa.

Abin da ya fara burge shi a Doha ba dogayen gine-gine ba ne. Yadda mutum zai kwana ya tashi bai ji ƙarar harbi ba, shi ne ya tsaya masa a rai. Ya faɗa wa Na'ima haka a waya, ta ce to Allah ya ɗorar.

Bai daɗe da zuwa ba annobar korona ta sauka. Aka rufe masallatai, ladan yana kiran salla yana cewa kowa ya yi a gida. Cutar ta kama maigidan, Abu Jabir, dattijo mai ciwon suga, aka keɓe shi a ɗakin baƙi da ke kusa da ƙofar gida. Ɗakin Ɗalhatu yana manne da wannan ɗakin, don haka shi ke ajiye masa abinci a bakin ƙofa. Yakan sa takunkumi ya zauna a waje kan kujerar roba, tsohon yana ciki yana tari yana ba shi labarin yadda mahaifinsa yake nutso a teku neman lu'ulu'u. Rabin labarin ba ya ganewa, amma yana zama. A haka ya koyi Larabcin da yake da shi. Da tsohon ya warke, ya ce ba mai ƙara tuƙa shi sai Talha.

Bayan an buɗe masallatai ne ya haɗu da Bawah a sallar Juma'a. Ya ji wani a bayansa yana waya da wata irin Hausa da ba ta bambance mace da namiji, ya waiwaya, suka gaisa. Bawah ɗan Zangon Kumasi ne a ƙasar Ghana, tsohon soja, yanzu kuma mai gadin wani benen ofisoshi a unguwar Al Mirqab. Ya girmi Ɗalhatu, ga ƙiba, ga dariya. Suka zama abokai.

Jabir shi ne babban ɗan gidan. Ma'aikacin ofis ne, bai yi aure ba tukuna, ba shi da mugunta amma akwai gaggawa. Duk abin da ya gani a hannun abokansa sai ya mallaka: ya yi kiwon shaho ya gaji, ya sayi babur na hawa tudun yashi ya jingine. Ana gab da fara Gasar Cin Kofin Duniya ya nemi lasin ya sayi libarba, ƙaramar bindigar hannu mai ganga a tsakiya wadda ke juyawa tana kawo harsashi. Bai gaya wa mahaifinsa ba. Ɗalhatu ma bai sani ba sai ranar da abin ya faru.

Ranar Ghana za ta buga da Koriya ta Kudu da yamma. Bayan azahar Ɗalhatu yana gareji yana goge motar tsohon, sai ga Jabir ya shigo da tasa motar duk ƙura. Ya fito da wani abu naɗe cikin tawul, ya ja ƙofar garejin ya rufe.

"Talha, zo ka gani. Kai ne mai gyara komai a gidan nan."

Ɗalhatu ya matso yana goge hannu, yana zaton wani ƙarfen mota ne. Jabir ya warware tawul ɗin a kan teburin kayan aiki. Bindigar tana sheƙi, sabuwa fil, tana warin mai da hayaƙi.

Warin ne ya fara buge Ɗalhatu. Ya ja da baya har ya jingina da motar.

"Ta cije," in ji Jabir. "Na je gonarmu na gwada ta. Ta yi harbi lafiya lau, daga nan ta ƙi. Kunamar ba ta jawuwa, gangar ba ta juyawa, ta ƙi buɗewa. Sauran harsasan suna ciki."

"Ranka ya daɗe, ban san bindiga ba. Wallahi ban taɓa riƙe ta ba."

"Ƙarfe ne kamar kowane ƙarfe. Ba ni sukundireba."

Bai jira ba, ya ɗauka da kansa. Ya riƙe bindigar da hagu yana ƙoƙarin cusa bakin sukundireban a gefen gangar, hancin bindigar kuwa yana yawo: ya kalli cikin Ɗalhatu, ya kalli ƙofa, ya tsaya yana kallon bangon da ke tsakaninsu da ɗakin baƙi. Ɗalhatu ya san abin da ke bayan bangon nan. A wannan lokaci Abu Jabir yana kishingiɗe a can yana ƙailula. Da abin ya ƙi, Jabir ya miƙa hannu ya ɗauko guduma.

Ɗalhatu bai san lokacin da ya cafke wuyan hannunsa ba. Bai taɓa taɓa jikin ɗan gidan ba sai ranar.

"Baba yana bayan bangon nan," ya ce. "Don girman Allah ka ajiye."

Jabir ya kalli bangon, ya kalli gudumar. Fuskarsa ta sauya. Ya ajiye su duka biyu, ya goge gumi da gefen rawaninsa.

"To yaya za mu yi?" in ji Jabir.

Bawah ne kaɗai ya faɗo wa Ɗalhatu a rai. Ya kira shi ta bidiyo. Bawah ya ɗauka yana dariya, da tutar Ghana a wuya a kan kakin gadinsa, amma da aka juya masa wayar ya ga abin da ke kan tebur sai dariyar ta ɗauke.

"Ɗan'uwa, wa ya kawo wannan abu wurinka? Kai kada ka taɓa shi. Mai shi ya riƙe. Ku nemo bokiti ku cika da yashi, bakin bindiga ya duba cikin yashi, kada ya duba ko'ina."

Ɗalhatu ya fita da gudu ya ɗebo yashi a gindin dabinon tsakar gida. Yana riƙe da waya, yana juya maganar Bawah zuwa guntun Larabcinsa, Jabir yana aikatawa. Bawah ya ce akwai siririn ƙarfe a ƙarƙashin hancin, wani lokaci a sabuwar bindiga yakan kwance ya tokare gangar. Jabir ya taɓa shi da yatsa, yana nan daram. Bawah ya ce wataƙila yashin gona ne ya shiga. Aka duba, babu ko ƙwaya. Bawah ya sosa gemu.

"Tambaye shi, harbi na ƙarshe yaya ya yi kuka?"

Jabir ya ɗan yi tunani. Ya ce na farkon sun yi ƙara sosai har kunnensa ya toshe, na ƙarshen kuwa "fut" kawai ya yi, kamar an buɗe kwalbar lemo, bindigar ma ba ta girgiza ba.

"Bayan nan ya sake jan kunama?"

Jabir ya ce ya ja, ya sake ja da ƙarfi, ta ƙi.

Bawah ya yi salati. Ya ce su kunna fitilar waya su haska 'yar tazarar da ke tsakanin gangar da hancin, daga gefe, kada kowa ya leƙa ta baki. Ɗalhatu ya haska. Inda ya kamata a ga haske ya ratsa, wani abu mai launin jan ƙarfe ya toshe wurin.

"Harsashi ne ya tsaya a hanya," in ji Bawah. "Ina zato ke nan, ni ba makanikin bindiga ba ne. Khalas, kada ku ƙara yin komai. Ku kai wa wanda ya sayar. Kuma ɗan'uwa, ji nan da kyau." Ya rage murya. "Takardan zamanka yana hannun kafil ɗinka, maigidan da ya kawo ka. Kada ka yarda a bar ka kai ɗaya da wannan abu."

Shagon kayan farautar da Jabir ya sayi bindigar yana Al Mirqab. Jabir ya ce ba zai iya tuƙi ba a yadda yake ji. Ɗalhatu ya so ya ce a'a, ya buɗe baki, amma ya tuna in ya ƙi bindigar za ta kwana a gidan, ko kuma Jabir ya koma wa guduma. Suka dasa ta cikin bokitin, hancinta a yashi, suka tokare bokitin da tayar safaya a but.

Bai taɓa tuƙi irin na ranar ba. Kowane tudun rage gudu sai ya kusan tsayawa cak kafin ya hau, yana jin bokitin a bayansa kamar a gadon bayansa aka ɗora. Motocin baya suna ta hon. An rufe titin Corniche na bakin teku saboda masu kallon ƙwallo, duk cunkoson ya dawo cikin gari. Manyan motocin bas cike da baƙi, mutane da fenti a fuska suna tsallaka titi suna kaɗa ganguna. Ɗalhatu yana karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa.

Da suka isa layin shagon babu wurin ajiye mota ko ɗaya. Ƙofar shagon kuma a saye take, ba a gane ko a buɗe yake ba.

"Tsaya nan, in duba ko mai gyaran yana ciki," in ji Jabir.

"Ranka ya daɗe, kada ka bar ni da..."

Ya riga ya fita, ya ratsa tsakanin motoci. Bai kai ga shiga shagon ba wani ɗan sandan hanya ya ƙwanƙwasa gilashin Ɗalhatu.

"Yalla, yalla! Ba a tsayawa nan."

Ya ja mota. Ya ce a ransa zai zagayo ta layin baya. Layin farko an toshe shi da shinge. Na biyu ma haka. Ya ɗauki waya ya kira Jabir, sai ya ji ƙara a gefensa: wayar Jabir tana kan kujerar da ya tashi. Ya kira Bawah, bai ɗauka ba, wasan ya kusa farawa.

Hanyar ta yi ta tura shi gaba har ya tsinci kansa a layi ɗaya tak tsakanin tubalan siminti, mota gaba mota baya, ba juyawa. Ya ɗaga kai ya ga inda layin ya nufa. Mashigar wani babban filin ajiye motocin 'yan kallo ce. Jami'an tsaro suna tsayar da kowace mota, suna leƙa ƙarƙashinta da madubi, suna buɗe but. Akwai kare.

Tunani iri-iri suka zo masa. Ya buɗe ƙofa ya bar motar ya shige cikin jama'a? Ina zai je, a garin da kyamara take kowace kusurwa? Ya yi shiru ko Allah zai sa ba su duba bokitin ba? In suka gani da kansu fa, baƙo ɗan Najeriya da bindiga cike da harsashi a ɓoye cikin yashi, a ranar wasa, yana shiga inda dubban mutane suke? Ya hango Na'ima tana jin labarin a bakin mutane. Ya hango Mero. Esin motar yana hura sanyi amma rigarsa ta jiƙe sharkaf. Motar gabansa ta wuce, aka yafito shi.

Ya sauke gilashi, ya kashe mota, ya ɗora hannuwansa biyu a kan sitiyari. Jami'in da ya matso matashi ne, yana murmushi, ya ce ya buɗe but.

"Ranka ya daɗe," in ji Ɗalhatu da Larabcinsa mai tsalle-tsalle, "akwai bindiga a baya. Ta ɗan kafil ɗina ce. Ta lalace, akwai harsashi a ciki. Ni direba ne. Ban taɓa ta ba."

Murmushin ya ɓace. Jami'in ya ja da baya, hannunsa ya tafi ƙugunsa, ya yi magana cikin rediyon kafaɗarsa. Nan da nan aka kewaye motar. Ana ba shi umarni ta gefen hagu, shi kuwa ba ya ji sosai ta nan, ga ihun 'yan kallo, ga bugun zuciyarsa. Ya rasa ko cewa ake ya fito ko ya zauna. Ya ji tsoron ya motsa, ya ji tsoron ya ƙi motsi. Ya dai riƙe sitiyarin yana cewa, "Kunnena, kunnena ba ya ji," har wani ya zagayo ta dama ya ce masa a hankali ya fito.

Suka laluba jikinsa, suka zaunar da shi a gefen titi, hannuwansa a baya. Aka kori mutane nesa da motar. Daga inda yake zaune takalma kawai yake gani suna kai da komo. Can wani wuri aka barke da ihu, ga alama an ci ƙwallo, shi kuwa sai da ya dunƙule kamar an yi harbi.

A caji ofis aka ba shi ruwa, aka nemo mai fassara, ya ba da labari tun daga gareji. Aka sa ya maimaita. Aka bar shi shi kaɗai a wani ɗaki mai sanyi. Bai san ko an yarda da shi ba, bai san inda Jabir yake ba, bai kuma san ko Jabir zai amsa cewa tasa ce ba. Wannan na ƙarshen ne ya fi cin ransa.

Magariba ta wuce lokacin da ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda a baranda. Ya san sandar. Aka buɗe ƙofa, Abu Jabir ya shigo yana haki, Jabir a bayansa kai a sunkuye da takardar lasin a hannu. Ashe da Jabir ya fito bai ga mota ba, ya ari waya a shagon ya kira gida, dole ya faɗa wa mahaifinsa komai. Kafin su gama neman inda motar ta shiga 'yan sanda sun kira gidan.

Tsohon bai kalli kowa ba sai Ɗalhatu. Ya dafa kansa, ya juya ga babban jami'in ya ce, "Wannan ɗana ne. Wancan da ke tsaye shi ne mai laifin, ku tambaye shi."

Jabir ya amsa komai, har da gwajin da ya yi a gona inda bai kamata ya yi harbi ba. Aka riƙe shi don ƙarin bayani, aka riƙe bindigar. Kafin su tafi, mai kula da makaman ofishin, wani mai furfura da tabarau, ya shigo da ɗan faranti. A kai akwai harsashi guda, gefensa a goge. Ya ce bindigar lafiyarta ƙalau, harsashin ne aka yi shi babu isasshen albarushi, ya taso ya kasa wucewa, ya tsaya rabi a ganga rabi a hanci, shi ya kulle ta.

"Ka gode wa Allah da ta cije," ya ce wa Jabir. "Da ya ƙara matsawa ciki kaɗan, gangar za ta juya. Ka ce ka sake jan kunama, ko? Da na bayansa ya tarar da shi a hanya, da a hannunka za ta fashe."

Jabir ya kalli hannunsa na dama, ya nemi kujera ya zauna.

Aka sallami Ɗalhatu ana kiran isha'i. Babban jami'in ya ce masa ya kyauta da ya yi magana tun kafin a buɗe but ɗin. Ɗalhatu ya kasa tuƙi. Tasi suka hau shi da tsohon, su biyu a kujerar baya. A hanya Bawah ya kira, murya a dishe saboda ihun murnar nasarar Ghana, yana tambaya ko an kai kayan lafiya. Da ya ji abin da ya faru ya ce gobe da safe yana nan tafe.

Kwanaki Ɗalhatu ba ya iya cin abinci sosai. In aka buga ƙofar mota da ƙarfi sai ya zabura. Abu Jabir ya ce ya huta, ya kuma hana a shigo da makami gidansa muddin yana raye. Jabir ya janye lasin ɗinsa da kansa. Ya daɗe yana kauce wa haɗa ido da Ɗalhatu, in zai fita ta ƙaramar ƙofa yake bi. Sai wata Juma'a bayan an gama gasar, baƙi sun watse, gari ya koma shiru, ya zo ɗakin Ɗalhatu ɗauke da tiren shinkafa da naman rago. Ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya ce, "Talha, ka yafe mini." Ɗalhatu ya ce ya yafe, suka ci tare.

Na'ima ba ta ji labarin ba sai da ya je hutu Gusau bayan ƙaramar salla. Suna zaune a tsakar gida ya ba ta, yana ragewa, yana sa dariya a inda babu abin dariya. Ba ta yi dariyar ba. Ta ce kada ya koma. Ya ce zai koma, tsohon ba ya jin daɗin tuƙin kowa, kuma makarantar Mero ba ta jira. Suka yi kwana biyu ba ta sakar masa fuska ba, ranar tafiya kuma ita ta haɗa masa kaya, ta cusa masa kuka da daddawa da yaji a gefen jaka, har da ƙullin da ta ce na Bawah ne.

Har yanzu yana Ain Khaled. Kullum da la'asar yakan kai Abu Jabir bakin teku, ya riƙe masa hannu su taka kaɗan, su zauna suna kallon jiragen katako har iska ta fara yi wa tsohon yawa.